Irin Albasar Baba a Saman Benen Sanyuanli

Ina tsaye a wani shagon takalma a titin Liuhua Lu, ina ta jayayya da mai shagon a kan launin da ya sauya mini, ƙanena ya kira ya ce Baba ya rasu. Kafin in gama fahimtar abin da yake faɗa har an tafi haƙa kabari. Mu mazauna Guangzhou haka rasuwa take riskar mu, da kwali a hannu, kafin mutum ya tambayi jirgi an dawo daga maƙabarta. A ɗakina na unguwar Sanyuanli na karɓi gaisuwa, mutane suka zazzauna a kan kayan da ban riga na tura ba.

Bayan 'yan watanni wata Hajiya 'yar unguwarmu, mai zuwa sarin mayafai, ta kawo mini saƙo daga Inna. Kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, kamar kullum. A can ƙasan ledar sai na taɓa wani abu mai tauri, an naɗe shi da tsumma. Tsohuwar kwalbar maganin tari ce. Na buɗe, na zazzaga kaɗan a tafin hannuna, sai ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar ɓurɓushin gawayi. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Irin albasar Baba ne.

Baba manomin albasa ne a fadamar ƙauyenmu, kudu da Kano, kuma bai taɓa sayen iri ba. Duk shekara idan an cire albasa sai ya tsuguna a gaban tsibin, ya yi ta juyawa yana zaɓen masu siririn wuya da ja mai duhu, ya ware su. Su zai sake binnewa a bakin rijiya idan lokaci ya zagayo, su yi fure su ba shi iri. Haka ya ga mahaifinsa yana yi. Albasar ba ta da girma, amma tana da tauri da yaji, kuma takan wuce damina a rumfa ba ta ruɓe ba. Maƙwabta duk sun koma irin kanti na cikin gwangwani mai manyan kawuna, suna yi masa dariya. Shi kuwa ko a jikinsa. Da ya rasu aka raba fadamar, kuma da yake ba mai noma a cikinmu, aka sayar. Na ji har an fara sauke bulo a wurin.

Na kira Inna. Na ce, "Inna, wannan kwalbar fa?"

Ta ce, "A rataye na same ta a ɗakinsa. 'Yan uwanka sun ɗauki riguna da carbi. Na ce wannan taka ce, tunda kai ka bi shi lambu. Ka ajiye ka riƙa tunawa da shi."

Ban gaya mata ba a lokacin, amma irin albasa ba ya ajiyuwa. Ba gero ba ne. Shekara guda idan ta wuce, ya mutu a cikin kwalbar ko da ba a taɓa shi ba. Wannan kuwa tun rani Baba ya sussuke shi. Idan ban shuka shi a sanyin da ke tafe ba, to albasar gidanmu ta ƙare daga kaina, babu kuma inda za a sake samo ta. Ga kayan mutane a wuyana, ga takardun zama da idan na fita sai Allah ya yi komowata. Na riƙa kallon kwalbar a kan taga ina jin haushin kaina, ina jin haushin garin.

Ranar wata Juma'a, muna cin abinci bayan masallaci, na ba abokaina biyu labarin. Na farko dattijo ne ɗan Nijar da ke tura kayan babur, Alhaji muke ce masa, kuma a yankin albasa aka haife shi, ba ya bari a manta da haka. Na biyu ɗan zangon Kumasi ne, sa'ana, yana sarin kayan waya a unguwar Tianhe. Shi tunda yake bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ba a taɓa yin maganar da ya rasa ta cewa a ciki.

Alhaji ya karɓi kwalbar, ya shinshina, ya murza ƙwaya ɗaya da farce. Ya ce, "Da sauran rai gare shi. Amma kak ka zuba shi wuri guda, ɗana. Ba mu san halin ƙasag ga ba. A raba shi uku, kowa shi yi yadda ya iya bisa nashi soro. Wanda Allah ya ba, ya ba mu duka."

Ɗan Kumasi ya ce, "Ni ma a ba ni nawa, loban." Loban shi ne maigida a bakin mutanen garin, kuma shi kowa loban ne a wurinsa, har direban tasi.

Na so in hana shi, wallahi. Amma saman benensa ya fi namu samun rana, kuma na ji kunyar in ce ban yarda da shi ba. A kan teburin nan muka raba irin a takardar goge hannu.

Mai gidan da nake haya tsohuwa ce 'yar ƙasar, ina kiran ta Ayi kamar yadda kowa ke yi. Tana da ganyayenta na miya a saman bene, ta ba ni kusurwa guda da fararen akwatunan nan marasa nauyi da ake zubo kifi da ƙanƙara a ciki. Taki ne ya gagara. Na shiga shagon masu furanni na yi kwatancen saniya, har da ƙaho da kuka, yarinyar shagon ta dube ni ta ce, "Meyo." Babu ke nan. Kalmar da na fi ji a garin nan ke nan tun zuwana. Dole na sayi ƙasar buhu, baƙa mai laushi, wadda ba ta da ƙanshin komai.

Da zafi ya fara sauka na yi shuka. Na ɗauka na manta, ashe hannu bai manta ba. Na cuɗa irin da yashi, na yayyafa, na bi da tafin hannu a hankali, na rufe da tsohon buhu tunda babu ciyawa. Alhaji ya ce na yi gaggawa, shi sai da iska ta juya ya zuba nasa, ya kuma barbaɗa tokar da ya roƙo wurin wani mai gasa tsire a bakin titi. Ɗan Kumasi kuwa tun ranar da muka raba, kafin kowa, ya watsa nasa a manyan akwatuna, ya ce shi ba zai yi wani dashe ba, wai don me za a tashi abu daga inda yake jin daɗi. Yana ba su ruwan wankin kifi da tukar ganyen shayi. Muka buɗe zaure a waya mu uku, kowa yana turo hoton nasa, Alhaji yana bin kowane hoto da gyara.

Ba duka suka fito ba, ko rabi ban samu ba. Amma safiyar da na ɗaga buhun na ga 'yan siraran koraye sun lanƙwaso daga ƙasa kamar zare, wasu da baƙar hular irin a kansu, sai da na ja kujerar Ayi na zauna. Na daɗe ban ga abin da na sani tun ina yaro ba. Duk abin da ke garin nan koyon sa na yi da girmana, daga cin abinci da tsinke har hawan jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wannan kuwa ba wanda zai koya mini shi.

Da suka yi kaurin tsinken tsintsiya na dasa su, na rage musu lawashi da saiwa yadda Baba yake yi. Ayi tana tsaye tana kallo. Da ta ga ina zubar da ganyen sai ta tsince shi tsaf ta sauka da shi kicin. Daga ranar kullum sai ta zo da almakashi tana nuna lawashin, ni kuma ina tare ta da hannu biyu ina nuna mata ƙasa, cewa abin da muke jira yana ciki. Ta ɗauke ni mahaukaci, na sani, mutum ya bar ganye mai kyau yana gadin abin da ba a gani.

Sai sanyi ya shigo. Sanyin gida busasshe ne, ka hura wuta ka sha kunu, hantsi ya yi ka manta da shi. Na Guangzhou jiƙaƙƙe ne, yana bin ƙashi, ɗakunan kuma ba a yi su don shi ba. Bayan sallar asuba nakan hau sama da bargo a kafaɗa in yaye ledar da na rufa wa akwatunan. A irin wannan lokaci ne kewar Baba take kama ni sosai. Ina ganin sa a tsakiyar fangalin lambu, wando a naɗe, ƙafa cikin ruwa, ya buɗe hanya da fartanya, ya toshe wata da diddige. Ba mai yawan magana ba ne. Mukan yi safiya guda bai ce mini komai ba sai "matsa" da "kawo". Ina yaro na ɗauka rashin so ne, na ƙosa in girma in bar masa lambunsa. A saman benen nan, jiragen sama suna wucewa ta kaina, na riƙa tuna tambayoyin da ban yi masa ba. Me ya sa yake ƙin ban ruwa da rana tsaka ko da ƙasa ta bushe? Me yake dubawa a wuyan albasa da yake daɗewa haka? Na san yadda ake yi, ban san dalili ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya.

Wajen ƙarshen sanyi ɗan Kumasi ya turo hoto yana murna. Nasa sun fi namu girma nesa ba kusa ba, kuma daga tsakiyar kowace wani kara mai kauri ya miƙe da ɗan tulu a kansa. Albasar da ta yi girma da wuri, sanyi ya same ta, fure take tafiya yi, ba za ta yi kai ba. A lambun Baba irin waɗannan tumɓuke su ake yi a ba awaki, kuma ko kusa da bakin rijiya ba sa zuwa.

Alhaji ya kira shi, ni ma ina kan layin. Ya ce, "Kai, karye su maza! Wagga ba albasa ba ta, iskanci na."

Ɗan Kumasi ya ce, "Alhaji, abu yana so ya yi fure, ni in karya shi? Ka ga kyaunsa kuwa? Ni ba na karya komai."

Na ce masa ya ɓarnatar da kashi ɗaya cikin uku na abin da ubana ya bari, don taurin kai da son a ce ya iya. Na faɗa masa wasu maganganun ma da suka fi wannan. Na daina buɗe hotunansa.

Namu ni da Alhaji kuwa suka yi kai. Ƙasa ta tsage, jan nan mai duhu ya leƙo, ja irin na gidanmu sak. Na riƙa share ƙasar da yatsa ina leƙawa kamar mai duba jariri. Da lawashi ya fara kwanciya muka yi shawara, bakinmu ya zo ɗaya. A gida abin da ake yi sananne ne: a yanke ruwa, a cire albasar, a jera ta a nan cikin fangali, a rufa mata lawashinta, a bar rana ta gama aikin. Bayan sanyi ai bazara ce, rana mai ƙona ƙafa. Haka na tashi na gani, haka shi ma.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, mu biyun nan mun shekara da shekaru a Guangzhou. Mun san cewa daidai wannan lokaci ne iskar kudu take zuwa da laima, bango ya yi ta gumi, madubi ya rufe, wanki ya ƙi bushewa. Duk shekara sai mun yi ƙorafin takalman fata da suke yin fumfuna a cikin kwali. Amma wannan sanin na kasuwa ne, wancan na lambu ne, ba su taɓa gamuwa a kanmu ba. Da muka tsuguna gaban albasa, kowannenmu a ƙauyensu yake. Na cire tawa da safe, rana tana haske, na jera ta na rufa mata ganye, na kama hanyar wani garin masana'antu duba kayan mutane, hankalina kwance.

Da na dawo bayan 'yan kwanaki, tun daga matakala na gane. Ruwa yana bin bango kamar an watsa, ƙarfen da ake dafawa yana santsi. Ban ajiye jaka ba na haye sama. Wari ne ya fara tarbe ni. Lawashin da na rufa ya zama kamar dafaffen ganye, na ɗaga, wuyan kowace albasa ya yi laushi, baƙin fumfuna ya shiga tsakanin ɓawo. Na kira Alhaji, kafin in yi magana ya ce, "Na sani, ɗana. Nawa ma." Muryarsa ta tsufa a ranar.

Na kwashi masu ɗan tauri na sauko da su ɗaki, na shimfiɗa su a kan gado, na kunna esi da fanka, ni na koma kwana a ƙasa. Bai hana komai ba. Ruɓar ta riga ta shiga ciki, kullum sai na tsinci wadda ta saki na fitar. Ranar da na jefa ta ƙarshe a kwandon shara na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Na ji kamar yanzu ne aka binne shi, kuma wannan karon da hannuna.

Ɗan Kumasi ne ya zo har ɗaki, bai yi zancen abin da ya wuce ba. Ya ce, "Loban, sa takalmi mu je ka ga wani abu." Muka biya muka ɗauki Alhaji. A saman benensu akwai rumfar roba mai haske da masu gidan suke shanya a ƙarƙashinta, ashe da laima ta fara ya ja akwatunansa ciki, wai don kada ruwa ya ɓata masa furanni. Ga su nan tsaye sun kai ƙugu, kowane kara da farin dunƙulen fure, ƙudaje suna ta hawa suna sauka.

Alhaji ya zagaya su, ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Ya ce, "Ba irin kirki za su ba da ba. Albasad da ta yi hure shekarab fari, 'ya'yanta ma sun so su yi. Amma jinin albasab babanka na. Sai a yi ta zaɓe, shekara bisa shekara, har ta koma daidai."

Muka jira. Da kawunan suka fara bushewa muka ɗaure kowanne da yankin mayafi mai shara-shara don kada irin ya zube, daga baya muka yanke, na rataye su a ɗakina cikin jakar takarda. Ranar da na murza su a tafin hannu na hure ƙaiƙayin, abin da ya rage bai fi cikin cokalin shayi ba. Na yi murna, kuma murnar da ɗaci. Shekaru Baba yana zaɓen mafi kyau, ni kuma abin da na iya tsirarwa shi ne wanda da yana nan awaki zai ba.

Ban yarda in sake gwadawa a garin nan ba. Da Hajiya mai mayafai ta sake zuwa wajen ƙarshen damina, na ba ta irin ta kai wa Inna. Ta waya na koya mata komai: ta sami tsohon daro mai huji, ta cuɗa yashi da takin awaki, ta ajiye bayan madafa inda kaji ba sa kaiwa. Inna da ba ta son waya sai ga ta tana sa a kira ni kullum. Ranar da suka tsiro ta ce, "Sun fito, ɗan nan! Kamar gashin jariri." Na ji tana dariya, rabon da in ji haka tun Baba yana da rai.

Kwanakin baya ta sake kira, ina wurin lodi, ana ta jan kwalaye ana ɗaure su. Na toshe kunne ɗaya na koma gefe.

Ta ce, "Sun cika daron, suna ture juna. Wasu har sun fara zama ruwan ɗorawa."

Na ce, "Dashe suke so, Inna. Lokacinsu ya yi."

Ta ce, "To ai shi ne. Maƙwabcinmu ya ce zai ba da ɗan wuri a bakin rijiyarsa, amma shi ba zai iya da su ba, nasa ma sun ishe shi. Ƙannenka ka san su. Ni kuwa ban taɓa dasa albasa ba, abinci nake kai muku. Ga gwiwar nan ma ba ta barin in tsuguna." Sannan ta ce, "Za su iya jira har yaushe?"

Na san amsar. Ba za su daɗe ba. Idan suka wuce lokaci a cikin daro za su shaƙe juna, waɗanda suka rayu kuma ba za su yi abin kirki ba, kuma babu sauran ko ƙwaya ɗaya a wurina. Na dubi kayan da ke gabana, na mutane ne da suka amince da ni, wata kwantenar kuma tana biye da wannan.

Na ce, "Bari in gama lodin nan, Inna, in ga yadda za a yi."

Ba ta ce na yi ƙarya ba, ba ta kuma ce in yi sauri ba. Ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Ni dai zan yi ta ba su ruwa."